Raji Mai Makulli da Motar Goni

"Wai har yanzu ba ta tashi ba?"

"Ina fa za ta tashi? Ai ba ciwon bakanike ba ne."

"To na wane ne?"

"Kai ma ka sani. Mota ta taho tun daga Kwatano da ƙafarta, ko tari ba ta yi ba, sai da aka miƙa wa mutumin can makullinta."

"Ku ji tsoron Allah. Mutumin nan sahu ɗaya muke sallah."

"Ni ban ce komai ba. Ka dai je ka dubi zanen da ya yi a jikin makullin."

"Rage murya mana, yana jin mu."

Yana jin su kuwa. Tsakanin teburin mai shayi da rumfar Baba Raji mai yankan makulli babu komai sai kwata da wata doguwar mota ruwan toka. Motar ta daɗe a wurin, har ruwan damina ya zana mata layin laka a gindin tayoyi. Raji bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da goga wani tsohon makulli da zarto, alhali babu wanda ya kawo aikin. Ya ga dai gara hannu ya yi motsi.

A Fagge aka haife shi, a wani lungu da ke bayan Kantin Kwari. Mahaifinsa mutumin Ogbomosho ne, ya zo Kano da fataucin goro, goron ya ƙi shi, ya koma sayar da kwaɗo da gyaran makulli. A gindin teburinsa Raji ya tashi, yana tsince garin ƙarfe da maganaɗisu, har hannunsa ya faɗa. Hausa ce a bakinsa tun yana rarrafe. Yarabanci sai a cikin gida, shi ma in ransa ya ɓaci. Tsohon ya bar masa abu biyu: teburin, da wata alama da yake bugawa a kan duk makullin da ya fita daga hannunsa, ɗigo uku da 'yar lanƙwasa a ƙasansu. Tsohon bai iya rubutu ba, shi ne ya ƙirƙiri wannan, don in makulli ya ƙi buɗewa a san wanda za a mayar wa.

Sana'ar ba ta tara dukiya, amma tana tara sirrin mutane. Raji ya san haƙoran ƙofofin rabin unguwar. Ba ya yanka wa kowa makulli sai ya ga kwaɗon da idonsa, ko ya san mai ƙofar. In ka zo masa da shatin makulli a jikin sabulu, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce ka je ka yi wanka da shi. Saboda haka 'yan kasuwa suka saba barin makullansu na ajiya a wurinsa. A bayan kujerarsa akwai wani allon katako cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da makullin wani: na shagunan atamfa, na sito, na ɗakin ajiyar masallaci. Mutum zai tafi Makka ko Legas, ya rataye makullinsa a nan ya tafi hankali kwance. Wannan allon shi ne arzikin Raji, kuma ya sani.

Mai motar, Alhaji Goni, ɗan kasuwar shadda ne a Kwari. Kakanninsa daga Borno suka zo, shi ma a Fagge ya buɗe ido. Tare suka yi makarantar allo da Raji, tare suka sha bulala. Kullum bayan la'asar Goni kan tsallako ya zauna a bencin rumfar, ya cire takalmi, ya tsokane shi da laƙabin malaman Yarabawa, ya ce, "Alfa, yau gidan wa ka fasa?" Raji ya ce, "Naka na bari, don na san ba komai a ciki sai tsumma." A kawo shayi, su yi ta yi har magariba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, aka yi wani tashin hankali a kudu, zafinsa ya iso Kano. Mutanen da suka san Raji tun yana yaro suka wayi gari suna tuna daga ina ubansa ya zo. Goni ne ya zo da kansa ya kwashe shi da matarsa Rukayat da 'yarsu Azeezat, ya sa su a ɗakin mahaifiyarsa, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da carbinsa har ƙura ta lafa. Bayan nan ko sau ɗaya bai ta da zancen ba. Raji kuwa abin ya zauna masa a ƙirji. Me mai yankan makulli zai ba mai shagon shadda?

Sai ga motar. Lokacin farar hula sun zauna, motocin Beljiyam suna ta kwararowa, duk wanda kasuwa ta yi wa daɗi yana aikawa Kwatano. Ranar da Goni ya kawo tasa bakin rumfar, titi ya taru. Wannan ya shafa, wancan ya leƙa, ana ta Allah ya tsare hanya, Allah ya sa a kashe lafiya. Idon Raji kuwa kan makullin ya sauka. Guda ɗaya tal aka ba Goni, mai ƙaton baƙin kai na roba, kuma robar ta tsage a wajen rataya, har an ɗaure ta da zaren ɗinki.

"Haba Alhaji! Mota kamar ta gwamna, makulli kamar na bayan gida? Kawo nan."

"Alfa, kar ka sayar min da ita kafin in dawo."

"Wa zai sayi motar Babarbare? Je ka yi sallarka."

Yana da wani guntun tagulla da ya daɗe yana ɓoyo. Ya sa wuƙa da 'yar guduma ya tsaga baƙar robar, ya zare ƙarfen, ya share ɓaraguzan da gefen hannu suka faɗa kwata. Ya yanka tagullar, ya goge, ya daidaita ƙarfen a ciki ya ɗaure da ƙusa. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. A ƙarshe ya buga alamar mahaifinsa, ɗigo uku da lanƙwasa. Da Goni ya dawo ya karɓa, sai da ya ɗaga shi a rana kowa ya gani.

Makullin ya buɗe ƙofa. Ya shiga raminsa sumul, ya juya. Motar ta yi gurnani, ta yi, ta yi, ta ƙi kamawa. Wata 'yar jar fitila a gaban direba ta kama ƙiftawa.

"Ƙila mai ne," in ji wani.

Ba mai ba ne. Aka tura ta har kwana aka dawo da ita. Washegari aka kira Sammani bakanike, wanda ake cewa ko motar da ta faɗa rijiya zai tayar. Ya canja batir, ya canja fulogi, ya kwance famfon mai ya hura ya mayar. Ya yi kwanaki a ƙarƙashinta. Ran da ya gaji ya fito yana goge hannu, ya ce a gaban kowa, "Ni dai a sanina lafiyar motar nan ƙalau. Ƙin tashi kawai take yi, kamar an hana ta."

Sammani gajiya ce ta sa shi faɗin haka. Amma maganar ta sami masu ɗauka. Wa ya hana ta? Me aka canja a jikinta in ba makulli ba? Wancan zanen fa, ɗigo uku, hatimin mene ne? Alamar nan tana jikin makullan ɗakunan kwanansu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambaya. Yanzu har an sami wanda ya ce tun da ya sa makullin Raji a shagonsa ciniki ya ja baya.

Goni ya zo kwana biyun farko, ya tsaya a kan bakanike, ya ce wa Raji kar ya damu, ƙarfe ne. Daga nan zuwan ya ragu, daga nan ya ɗauke. Sai ƙanensa Modu ya riƙa zuwa, shi kuwa ba ya zama.

"Malam Raji, sallama."

"Modu, yaushe na zama Malam? Ba Yaya kake ce min ba?"

"Makullan sitonmu na zo karɓa."

"Alhaji ne ya aiko ka?"

"Ni da Alhaji duk ɗaya ne."

Raji ya juya ya zare su daga ƙusa. Modu ya karɓa ya ba da baya. Daga ranar aka fara. Wannan ya zo ya ce zai canja kwaɗo ne, wancan ya ce ɗansa ya girma zai riƙe da kansa. Kowa da sallamarsa, kowa da uzurinsa, ba mai haɗa ido da shi. Ladan ma ya zo ya karɓi na ɗakin ajiyar masallaci, yana ta ba da haƙuri, wai kwamiti ne. Allon ya koma ƙusoshi tsirara, sai shatin makullai a jikin katako inda rana ba ta ci ba.

A gida Rukayat ta ajiye masa tuwo, ya huce bai taɓa ba.

"Baban Azeezat, yayana Akeem tun wancan rikicin yake cewa mu taho gida."

"Wane gida?"

"Ka san inda nake nufi."

"Ogbomosho? Da na je jana'izar kawu, yara bin baya na suka yi suna kwaikwayon Yarabancina. Kabarin ubana yana nan, Rukayat. Na uwata ma."

"To ka zauna su cinye ka da ido. Yau a wajen markaɗe wata ta janye bokitinta daga kusa da nawa."

Abin da ya fi ci wa Raji rai shi ne shi ma bai san abin da ya faru ba. Ya auna haƙoran makullin ya sake aunawa, ba abin da ya taɓa. Har ya fara tambayar kansa ko tagullar ce ba ta da albarka.

Ranar wata Laraba ya tsallaka Sabon Gari, wai ya sayo makullan da ba a yanka ba, ko da yake na rumfarsa ba su ƙare ba. Madam Nkechi ce ke sayar masa. Shagonta na kayan ƙofar mota ne, kwaɗuna da hannaye da marfin tanki, ita ma haihuwar Kano ce, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

"Baba Raji! An ce ka zama boka, ba ka gaya min ba? Da na kawo maka sunan masu gasa da ni."

Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. Ta dube shi da kyau, ta jawo masa kujera.

"Zauna. Me ka yi wa makullin? Gaya min tun daga farko."

Ya gaya mata. Yana kaiwa inda ya tsaga robar ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo Baba! Robar tana ina?"

"Robar? Tsagaggiya ce fa. Na zubar."

Ta tashi ta buɗe wata durowa, ta yi ta tonawa, ta fito da wani baƙin kan makulli da ya rabe biyu. Ta buɗe shi a tafin hannunta. A cikin wani ɗan rami akwai wani abu mai ƙyalli kamar gilashi, bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

"Ka ga wannan? Mijina ya nuna min da ya dawo daga Kwatano. Sababbin nan haka suke. In ka murɗa, kwamfutar motar sai ta tambaya, wane ne? Wannan ɗan abin ya amsa. In ba ta ji muryarsa ba, ta riƙe mai, ko za ka kwana kana murɗawa. Saboda ɓarayi suka yi."

"To ki sayar min da wannan."

"Ba zai yi ba. Kowace mota nata ta sani. Wannan na wata ce da ta yi haɗari."

"Ƙarfen fa? Haƙoran?"

"Ƙarfen ƙofa kawai yake buɗewa, Baba. Makullin gaskiyar shi ne wanda ka zubar."

Ya daɗe yana kallon ƙwayar. Tun yana yaro abin da ya sani shi ne makulli haƙoransa ne, kai kuwa marikin hannu ne kawai. Ya tambaye ta ko akwai mai gyara. Ta ce ita dai ba ta san mai injin a nan kusa ba, ana cewa akwai a Legas, in ba haka ba sai a canja kwamfutar da makullinta gaba ɗaya. Ta ce amma in ya sami ƙwayar, ko da gam ya manna ta a jikin tagullar, ƙila motar ta ji.

Ya dawo Fagge da sauri kamar saurayi. Laifi dai nasa ne, amma laifin hannu ne, irin wanda ake faɗa da rana tsaka. Bai ko shiga rumfa ba ya tsaya a teburin mai shayi ya zayyana musu duka. Suka saurara har ya gama.

"Wato akwai wani abu kamar shinkafa da ke magana da mota."

"Haka ne."

"Motar ta tambaye shi, ya amsa."

"Haka aka ce min."

"Da wane yare, Baba? Jamusanci?"

Aka fashe da dariya. Wani daga ƙarshen benci, shi bai yi dariya ba, ya ce, "To ai ga shi ya faɗa da bakinsa. Akwai abin da ke cikin makullin, ya cire."

Washegari bayan sallar asuba Raji ya ɗauki rariyar Rukayat da tsohon bokiti. Ya tuɓe riga ya rataye, ya naɗe wando, ya shiga kwatar da ke gindin motar. Ruwa ya sauka sau da yawa tun ranar, kuma duk abin da kwatar nan ta ɗauka rafin Jakara take kai shi. Ya sani. Amma akwai inda shara ta toshe a ƙarƙashin gadar siminti, a nan ya durƙusa. Ya riƙa ɗibar baƙar laka yana zubawa a rariya, yana tacewa, yana bi da yatsa. Ledoji, marafan kwalba, ƙashin kifi, reza. Dattijo mai furfura, wanda ko zaren rigarsa ba ya bari ya yi datti.

Gari ya waye a kansa. Masu wucewa kasuwa suka fara tsayawa. Ya ji muryoyi a samansa, bai ɗaga kai ba.

"Me yake nema?"

"Abin da ya binne mana. An matsa masa, zai tone."

"Inna lillahi! A gindin motar kuwa."

Hantsi ya ɗaga kafin yatsansa su ci karo da ita. Rabin baƙar robar ce, har da guntun zaren ɗinki a jiki. Ya wanke ta a bokiti. Ga ɗan ramin nan, daidai irin wanda Nkechi ta nuna masa, daidai kwancin ƙwayar shinkafa. Ba komai a ciki. Ya sake tace wurin har rariyar ta huje. Bai sami komai ba.

Bayan la'asar janwe mai jan matattun motoci ya iso, Modu a gaba yana nuna hanya. Goni ya zo a ƙafa daga baya. Ya rame, ko kuwa Raji ne ya daɗe bai gan shi ba. Ya tsaya daga bakin rumfa, inda inuwa ta ƙare. Titi ya yi tsit, har mai shayi ya daina kaɗa cokali.

Raji ya miƙe. Ya yi wanka ya canja kaya, amma yana jin warin kwata a hannunsa.

"Alhaji."

"Raji."

Ba Alfa ba. Ya haɗiye wannan, ya miƙa masa rabin robar, ya nuna ramin da bakin zarto. Ya faɗa masa abin da ke ciki a da, da abin da yake yi, da yadda ya share shi da gefen hannunsa. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba.

"Ni na kashe maka mota, Alhaji. Da hannun nan. So na yi in ba ka abu mai kyau."

Goni ya juya robar a hannunsa. Ya kai ta kusa da ido, ya shafa zaren da shi da kansa ya ɗaura.

"Ni ban taɓa cewa ka yi min wani abu ba."

"Ba ka ce ban yi ba."

Goni ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba ka san abin da nake ji a gida ba. Da kasuwa. Har cewa ake na ɓoye maciji a ɗakin uwata."

"Yaya, direba yana jira," in ji Modu daga titi.

Sarƙa ta yi ƙara, gaban motar ya ɗaga sama. Inda ta tashi ya bar busasshen wuri mai siffarta a kan titi. Goni ya dubi motar, ya dubi cikin rumfar, idonsa ya sauka a kan allon. Ya daɗe a kan ƙusoshin nan. Bai sa robar a aljihu ba, bai kuma mayar ba. Ya gyara hula kamar mai shirin tafiya.

Raji ya san in mutumin nan ya juya ya bi motarsa, zance ya ƙare. Mota za ta je Legas, wata rana ta dawo tana tafiya, amma ba wanda zai sake rataye makulli a bayan kujerarsa. Duk titin Goni suke kallo, su ga inda ƙafarsa za ta nufa.

Raji ya jawo bencin daga jikin bango. Ya ciro hularsa ya kakkaɓe ƙurar da ta taru a kai, ya tura shi bakin rumfa inda kowa zai gani.

"Goni," ya ce, da ƙarfin da mai shayi ma zai ji. "Ban ce ka yafe motar ba. Don Allah zauna. Cire takalminka ka zauna a nan, ko kofi ɗaya ne mu sha, mutanen nan su gan ka."